A daina fassara karin maganar Turawa kalma da kalma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin masu fassara labarai kan wata karin magana ta Ingilishi da jami'ai ke yawan jefawa idan ana zancen tazarar da ke tsakanin tsari a takarda da aiki a ƙasa, wato "the proof of the pudding is in the eating".

Daga kalmar "proof" ake fara tuntuɓe. Mai fassara ya buɗe ƙamus, ya ga "hujja", shi ke nan ya rubuta. Alhali a nan tsohuwar ma'anarta ake nufi, wato gwaji. Shi ma "pudding" ɗin ba kayan zaƙin da ake ci bayan abinci ba ne. A Ingila ta ƙarni na 17, lokacin da maganar ta shiga rubutu a wannan siga, galibi nama ne da kitse ake ɗurawa cikin hanji a dafa. Daga waje ba ka gane mai kyau da wanda ya lalace sai ka kai baki. Daga baya kuma aka gutsure ta zuwa "the proof is in the pudding", wadda in aka bi ta kalma da kalma sai a samu "hujja tana cikin abincin". Wa zai gane wannan?

Kafin a zaɓi madadi, a duba me mai maganar yake yi da ita. Idan shakkar wani alkawari yake, aikin bai fara ba tukuna, to "ba girin-girin ba, ta yi mai" ta zauna daram. Idan kuwa an gama aikin yana nuna sakamako, "gani ya kori ji" ce ta dace. A musanya su, sai mai ƙorafi ya koma mai yabo. Ita kuma "ranar wanka ba a ɓoyon cibi" ba wurinta ba ne sam, domin zancen bayyanar abin da aka ɓoye take yi.

Sai batun alamar zance, inda aka fi yin ganganci. Muddin an saka kalaman mutum a cikinta, kada a cusa masa karin maganar da bai faɗa ba. A rubuta "sai an gwada za a san ingancinsa", a bar karin maganar ga kanun labari ko sharhi.

Wassalam,
Mai bibiyar jaridarku