Rahoton Ayyukan Shekara: Camel Ya Kammala, Fokker Na Nan Cikin Kwali

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobin ƙungiyarmu ta harhaɗa ƙananan samfuran jiragen sama.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da biyu da aka ɗage saboda ba a taru ba.

Babban abin farin cikinmu a bana shi ne kammala samfurin Sopwith Camel da baje kolinsa a taron ƙarshen shekara. Jirgin yaƙin Birtaniya ne mai fikafikai hawa biyu, ya shiga fagen daga a 1917, kuma tozon da ya rufe gindin bindigogin Vickers biyu a gaban matuƙi ne ya jawo masa sunan Camel, wato raƙumi. Faɗin fikafikansa mita 8.5 ne, a ma'aunin 1:32 da muka zaɓa, wato kashi ɗaya cikin 32 na girman jirgin gaske, ya dawo kusan santimita 27. Ƙarami ne a ido, amma ya sha lokacinmu.

Mun daɗe muna gardama a kan launin saman jirgin, wato fentin da ake kira PC10. Wasu suka ce kore ne, wasu suka ce ruwan ƙasa. Kowa da hujjarsa, domin haɗin launin kansa bai tsaya iri ɗaya ba a tsawon yaƙin. Muka tsaya tsakiya, muka ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa. Ƙasan fikafikan kuwa launin yadin lilin muka ba shi, sannan muka bi haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya da siraran tef kafin a sake fesa inuwa, don a ga alamar katako a ƙarƙashin yadi. Sandunan da ke tsakanin fikafikai da farfela an fara yi musu shimfiɗa mai haske, aka ɗora fentin mai, aka ja shi da burushi mai tauri har jijiyar itace ta fito. Fentin mai yana son mako guda kafin ya bushe. Wani bai yi haƙuri ba, ya bar mana shatin babban yatsansa a jikin farfela, dole aka goge aka sake daga farko.

Wayoyin fikafikai da zaren fatsa muka yi su, kowanne sai an huda masa rami an ɗiga gam da bakin allura. Abin da ya fi burge ni shi ne dattin da ke ƙarƙashin jirgin. Injin Clerget yana juyawa ne tare da farfela, kuma man zurma da ake zuba masa yana fantsalowa waje, don haka muka ja zirin maiƙo daga bayan murfin injin zuwa baya. Ranar baje koli wani dattijo ya sunkuya yana leƙen wannan maiƙon, ya ɗago ya tambaye mu ko man gaske ne. Yara kuwa suka kewaye tebur suna ƙirga wayoyi. Wallahi gajiyar watanni ta tafi a wannan yammacin. Allah ya saka wa 'yan ƙalilan da suka yi aikin da alheri, sun san kansu.

Na ji ana cewa kwamiti ya yi watsi da aikin samfurin Fokker D.VII. Ba haka ba ne. Wannan jirgin Jamus na 1918 yadinsa bugagge ne da zanen lu'u-lu'u mai launi huɗu ko biyar, ba abin da za a zauna a zana da hannu ba ne. Sai an sayo takardun mannawa, a shafa fenti mai sheƙi kafin a manna su, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashi su yi fari-fari. Kwamfuresar feshi kuma ta lalace tun tsakiyar shekara, da ta aro muka ƙarasa Camel. Da wane kuɗi za a yi duk wannan? Fiye da rabin mambobi ba su biya kuɗin ƙungiya ba. Na kira, na tura saƙo, na bi wasu har na fara jin kunya kamar bashin kaina nake bi. Dalilin da ya sa akwatin gilashin ajiye samfuri bai samu ba ke nan, shi ya sa Camel ke lulluɓe da ƙyalle don gudun ƙura. Horon sababbin shiga ma bai yiwu ba, ba a koyar da feshi babu abin feshi.

Abin da ya fi ciwo, wasu da ba mu ga ƙeyarsu ba duk shekara su ne kan gaba wajen ɗaukar hoto da jirgin ranar baje koli. Ba mu hana kowa ba, amma a zo ranar goge roba da wanke burushi ma.

A taro mai zuwa zan kawo littafin biya a buɗe shi gaban kowa. Duk abin da ya shigo, gyaran kwamfuresa za a fara yi da shi, sannan takardun Fokker.

Ma'ajin ƙungiya