Godiya ga Makarantar Kwamfuta ta Kazaure Daga Manoman Roni

Zuwa ga Shugaba da malaman Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jihar Jigawa, Kazaure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin ƙungiyarmu ta manoman riɗi da gyaɗa a ƙaramar hukumar Roni. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a.

A 2001, lokacin da gwamnatin Alhaji Ibrahim Saminu Turaki ta kafa makarantar nan da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo, dattawanmu da yawa dariya suka yi. Jihar da shekararta goma kacal da kafuwa, wadda yawancin mutanenta manoma ne, me za ta yi da kwamfuta? A shekarar ce ma wayar salula ta GSM ta fara shigowa Najeriya, kuma sai da aka daɗe kafin ta iso ƙauyukanmu. Ba na ganin laifin masu wannan magana, domin mai neman ruwan sha ba a yi masa zancen intanet.

Amma ga abin da muke gani yau. Yaron da ke riƙe da lissafin ƙungiyarmu ɗalibinku ne. A kwamfutarsa ake sanin wanda ya karɓi taki, buhu nawa, da wanda ya biya. Rigimar da muke yi duk kaka a kan littafin da ruwa ya jiƙa ta ƙare. Idan aka zo rajistar tallafin noma aka nemi lambar NIN, shi ke zama da tsofaffi yana duba ko sunan da ke jikin katin ya yi daidai da na banki, domin harafi ɗaya kan hana mutum rabonsa. Da can sai an tafi Kazaure ko Kano, a biya kuɗin mota, a biya mai shago.

Abin da ya fi taɓa aljihunmu shi ne farashi. Kafin dillali ya sauko daga babur, mun riga mun ji ta WhatsApp yadda riɗi ya kwana a kasuwannin Dawanau da Maigatari. Yanzu ciniki ake yi, ba a yanka mana. Haka kuma hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, ɗalibanku ne ke nemo shi su bayyana mana da Hausa kafin mu zaɓi iri.

Akwai kuma wata ɗiyarmu da ta gama a wurinku ta yi aure. Tun da jarabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaran ƙauye ke shan wuya, wani bai taɓa sa hannu a kan na'urar ba sai ranar jarabawa. A zauren gidan mijinta take koya musu, maza da safe, mata bayan la'asar.

Muna jin labarin tsare-tsaren Abuja a rediyo: manufar tattalin arzikin zamani ta 2020 zuwa 2030, dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha ta 2022, da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 da aka fara a 2023. Ɗan Haɗeja ne ma, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2019. A ganina, waɗannan tsare-tsare ba sa isa ƙauye sai inda aka riga aka sami wanda ya iya cike fom ɗin, kuma a yankinmu ku ne kuka samar da shi.

Muna da roƙo. Ku duba yiwuwar kawo gajeren kwas ƙauyuka da rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, a koyar da Hausa, a ware wa mata nasu ajin. Wuta ba ta zama a wurinmu, amma ƙungiyarmu za ta ɗauki nauyin sola da wurin zama da abincin malamai.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa makaranta albarka.

Naku,
Sakataren ƙungiyar manoman riɗi da gyaɗa,
Ƙaramar hukumar Roni, Jihar Jigawa.