Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro: A Naɗi Bayanan 'Yan Mazan Jiya Tun Suna Da Rai

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan wasiƙa malaman tarihi ne da ma'aikatan adana takardu da sauti. Buƙatarmu guda ce: ma'aikatarka ta ɗauki nauyin naɗar bayanan tsofaffin sojojin da suka je fagen daga, daga bakinsu, cikin harshen da suka fi sakewa da shi, kuma a fara a bana.

Abin da ya sa muke gaggawa lissafi ne. Saurayin da aka ɗauka soja yana ɗan shekara 18 a 1943, lokacin da aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma domin yaƙin Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, ya cika shekara 100 a 2025. Wanda ya shiga yana ɗan 18 a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya cika 75 a 2024. Waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964 sun girme shi. Hatta dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka sauka Monrobiya ta Laberiya a watan Agustan 1990, furfura ta gama cin kansu.

Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a ƙofar barikokinmu. Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauck a Ibadan, duk sunayen Burma ne. Barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa daga rundunar Janar Wingate, wadda bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a 1944, a bayan layin Japanawa. Bukavu ta Kano sunan gari ne a Kwango. Amma rubutaccen bayanin yaƙin Burma hafsoshin Turawa ne suka rubuta shi, yana kuma ajiye a Landan. Yana faɗin inda bataliya ta kwana da ranar da ta tashi. Ba ya faɗin yadda sarakuna da hakimai suka tara samarin da aka kai bariki, ko abin da ɗan dako ya ji sa'ad da yake hawan tsaunukan Kaladan da kaya a kan gammo, babu bindiga a hannunsa. Waɗannan 'yan dako su ne suka sa Runduna ta 81 ta bi hanyar da mota ba ta bi, har gammon ya shiga tambarin Runduna ta 82. Haka ma yaƙin basasa: manyan hafsoshi sun rubuta nasu, amma rundunar da ta tashi daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000 cike take da kurata da kofur-kofur waɗanda ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su.

Samun mutanen ba shi da wuya. Hukumar Fanshon Sojoji tana da sunayensu, ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, wadda doka ta kafa a 1964, tana da rassa a jihohi. Sai dai waɗannan jerin ba su cika ba, domin akwai waɗanda aka sallama bayan yaƙi ba su kai shekarun fansho ba. Irin waɗannan sai ta hannun dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin coci. Wasu ma sun koma ƙauyukansu a Nijar da Cadi da Kamaru, domin ɗaukar soja a wancan zamani ba ta tsaya a kan iyaka ba. A jera su bisa shekaru da lafiya, mafi tsufa a gaba.

Kuskuren da muka fi tsoro shi ne a haɗa wannan aiki da tantancewar fansho don a rage kuɗin mota. Tsohon da ya yini a layi da takardunsa a leda, abin da zai kare haƙƙinsa kawai zai faɗa. Wani zai ƙara gishiri don yana zaton labari mai zafi zai kawo kuɗi, wani zai rufe bakinsa don gudun kada a dakatar da ɗan abin da yake samu. A wurin tantancewa a karɓi suna, lambar soja, bataliya, da lambar wayar ɗa ko jika. Hirar kuwa a gidansa za a yi, kuma kafin a kunna na'ura a gaya masa a fili cewa ba ruwanta da fansho.

Na biyu, kada a tura hafsa cikin kaki. Samanjan da ya yi ritaya shekara arba'in da suka wuce, in kyaftin ya shigo zaurensa zai yunƙura ya miƙe, kuma amsar da ake ba na gaba zai ba shi. A horar da malamai da ɗaliban tarihi na jami'o'i, har da na sashen tarihi da nazarin yaƙi na Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, su je cikin kayan gida. Mutum biyu sun isa: ɗaya yana tambaya, ɗaya ya sa abin ji a kunne yana lura da sauti. Mai tambayar ya kasance yana jin harshen tsohon, Tibi ne, Ngas, Bacama, Barebari, Idoma, Yarbanci ko Ibo. In Barikanci ya fi zuwa masa a baki, a bar shi, kada a gyara masa Hausa. Matan sojoji da suka riƙe gida a bariki ko suka karɓi labarin rasuwa, mace ce za ta yi hira da su.

Batun kayan aiki, waya ba ta wadatar ba. Kira yana katse ta, kuma muryar da aka tura ta WhatsApp an matse ta, ingancin da ya tafi ba ya dawowa. A sayi ƙaramar rikoda mai ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, kilohaz 48, bit 24, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da masu adana sauti suka yarda da shi. Awa ɗaya tana cin kimanin gigabait 1, don haka katin gigabait 32 ya ishi aikin mako. A maƙala ƙaramin makirfo a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, domin muryar tsoho ba ta da ƙarfi kuma haƙora sun zube. A tafi da ƙarin batura. A kashe fanka, a roƙi maƙwabta su kashe janareto na ɗan lokaci, a guji ɗakin kwano in hadari ya haɗo. Ƙarar janareto tana shiga cikin muryar ne, babu kwamfutar da za ta raba su tsaf daga baya. A fara da gwajin minti ɗaya a saurara. Sannan mai tambaya ya faɗi kwanan wata, gari, sunansa da na tsohon, domin faifan da ba shi da wannan gabatarwa maraya ne da zarar takardarsa ta ɓata.

Zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya da rabi, da hantsi, kafin gajiya da zafin rana. Gara a je sau biyu ko uku. A zaman farko mutum yana ba da labarin da ya saba bayarwa a majalisa, wanda ya goge don yawan faɗa. Sai a zama na biyu abin da bai taɓa faɗa ba yake fitowa. Kuma a yi da shi shi kaɗai: in aka tara tsofaffi biyar, mai babban muƙami ne zai yi magana, sauran su riƙa cewa haka ne.

Kada a fara da tambayar ko ya kashe mutum. A fara daga gida: sana'ar mahaifinsa, wanda ya kai shi wurin ɗaukar soja, makonni nawa aka horar da shi, nawa ne albashinsa na farko, me suke ci, wace irin bindiga aka ba shi, wa ke rubuta masa wasiƙa. Daga nan shi da kansa zai kai ka bakin kogin Kwara a watan Oktoban 1967, lokacin da Runduna ta 2 ta yi ta ƙoƙarin tsallakawa Anaca, ko Abagana a watan Maris na 1968, ko ƙawanyar Owerri. Kada a tsare shi da neman kwanan wata. A tambaye shi da damina ne ko da rani, kafin azumi ne ko bayan salla, wane ne kwamandansa. Mai bincike zai daidaita sauran da takardu. In ya kuskure shekara, kada a katse shi, a rubuta gyaran a gefe. In ya yi shiru, a bar shirun. In hawaye ya zo, a tambaye shi ko a tsaya, a kuma tabbatar akwai wani nasa a kusa, domin akwai wanda tuna irin wannan yake hana shi barci kwana da kwanaki. Ya kamata kowace tawaga ta san asibitin da za ta nuna wa iyali.

Takardar sallama, hotuna, wasiƙu da lambobin yabo a ɗauki hotonsu nan take, gaba da baya, a mayar wa mai su. Kada a tafi da na asali da sunan za a dawo da shi, kada kuma a liƙe su cikin roba da zafi, domin ba a iya ɓare ta ba tare da an yaga takardar ba. In a hoton akwai mutum biyar, a sa shi ya faɗi sunan kowa na'ura tana ɗauka.

Ajiya ita ce inda irin wannan aiki ya saba mutuwa. A ranar da aka yi hira a kwafe ta, a yi kwafi uku a wurare daban-daban, kowane faifai da lamba ɗaya da ta dace da takardar bayaninsa. Gidan Arewa da ke Kaduna, ofisoshin adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna da Ibadan da Inugu, da gidan tarihin yaƙi na Umuahia, su ne wuraren da suka dace. A riƙa duba rumbunan ajiya na kwamfuta duk shekara, a sauya su bayan shekara biyar, tun ba su tsaya ba. Tsofaffi 500, kowa awa 3, awa 1,500 ke nan, ba su cika rumbu ɗaya na terabait 2 ba. Inda kuɗin yake shi ne rubutawa: awa ɗaya ta magana tana cin awa 6 zuwa 8 kafin a mayar da ita rubutu, fassara kuma daban. In ba a ware wannan a kasafi tun farko ba, za a tara faifai da ba mai iya neman komai a ciki. Mai rubutawar ya riƙe jerin sunayen wuraren yaƙi a gabansa, don kada tsoho ya ce Bama yana nufin Burma a rubuta masa garin Borno.

Ranka ya daɗe, akwai abin da sai da amincewarka zai yiwu. Wasu za su yi magana a kan kisan fararen hula a Asaba a watan Oktoban 1967, da yunwar da suka gani, da hafsoshin da suka jefa su cikin halaka, da haƙƙin da aka danne musu bayan sallama. Muna roƙon kada a goge ko kalma ɗaya. Abin da ake yi shi ne takardar yarjejeniya, a karanta wa tsohon cikin harshensa, ya zaɓa: a saki bayaninsa yanzu, ko a sakaya sunansa, ko a rufe shi sai bayan ransa. Waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara su ma a naɗe su da sharuɗɗa iri ɗaya, tunda gwamnatin Janar Gowon da kanta ta ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci.

Muna ba da shawarar ka sanar da shirin ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ka kuma umarci Hukumar Fansho da Nigerian Legion su fitar da sunayen duk wanda ya haura shekara 85 cikin wata uku, jiha-jiha, domin da su za a fara. Kowane iyali a ba su kwafin muryar mahaifinsu kyauta, waɗanda suka amince kuma a ba gidajen rediyo su watsa.

Allah ya taimaki Minista. Wassalam.

Daga wasu malaman tarihi da ma'aikatan adana takardu da sauti.