Zuwa Ga Baba Magini Na Kurna, Kan Dokar Ruwan Sha A Teksas

Assalamu alaikum Baba, ranka ya daɗe. Ina gajiya, ya aiki, ya fama da zafi?

Ran Asabar da aka haɗa ni ta waya da shirin rediyo daga nan Hiyustan ta jihar Teksas a Amurka, kai ne na ƙarshe da ya bugo. Ka ce ka haura shekara talatin kana gini a Kano, kuma ka ji an ce gwamnan jihar da nake zaune ya sa hannu a dokar hana lebura shan ruwa a bakin aiki. Ka tambaya ko gaskiya ne. Sannan ka ɗora da cewa in har Amurka da kanta ta ga hutun lebura asara ne, don me 'yan boko za su dame ku da maganar zafi? Ina buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Abin ya tsaya mini a rai, kuma tunda a gaban jama'a ka tambaya, bari in amsa a gaban jama'a.

Labarin da ya iso maka an ƙara masa gishiri, amma ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Ba wanda ya hana kowa shan ruwa. A 2010 birnin Ostin na nan Teksas ya yi dokar kansa cewa dole ɗan kwangila ya ba ma'aikacin gini hutun minti goma duk bayan awa huɗu, ya sha ruwa ya huce. Dalas ta bi sahu a 2015, bayan zafi ya kashe wani matashi ɗan shekara 25 a bakin aiki, iyayensa suka yi ta sintiri a majalisar birni. A watan Yunin 2023 Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a wata doka mai lamba 2127, wadda ta ƙwace wa birane ikon yin dokar da ta zarce ta jiha a harkar ƙwadago, noma, inshora, kasuwanci da sauransu. Ko kalmar ruwa ba ta cikinta. Amma tunda jihar ba ta da dokar hutu tata, minti goman nan na Ostin da Dalas ba su da madogara kuma. Hiyustan ta kai ƙara, wata alƙaliya ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulkin jihar, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, dokar ta fara aiki ran 1 ga Satumba.

Kamar da gayya, ana sa hannu zafi ya kanno kai. A satin da ya biyo baya ma'auni ya kai digiri 46 a garin Del Rio, wani dattijo ɗan shekara 66 mai rabon wasiƙu kuma ya yanke jiki ya faɗi a Dalas, bai tashi ba. Gaskiya ɗaya ce, dokar birnin ba ta shafe shi ba ko da tana nan, don magina kaɗai ta ambata. Amma ran mutane ya ɓaci, har wani ɗan majalisar tarayya daga Ostin, Greg Casar, ya yini a matakalar majalisa a Washintan bai sa ruwa a bakinsa ba.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjarsu, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Sun ce ɗan kwangila ɗaya yakan yi aiki a gari biyar, ba zai yiwu kowane gari da dokarsa ba. Sun ce mai hankali ba sai an tilasta masa zai ba yaransa ruwa ba, kuma akwai hukumar tarayya mai kula da lafiyar ma'aikata, OSHA, da ke hukunta mai sakaci. Ta farko na yarda da rabinta. To amma in tarin dokoki ne matsalar, ai sai jiha ta yi guda ɗaya ta game kowa. An kawo ƙudurorin hakan a majalisar jihar a shekarar, suka mutu a can. Abin da ke ƙasa kowa ya sani: majalisar jiha tana hannun 'yan Rifablikan, yawancin manyan birane suna hannun 'yan Dimokuraɗiyya, sun daɗe suna ja-in-ja, ruwan lebura ya faɗo a tsakiya. Shi kuwa leburan, galibi ɗan Meksiko ne ko Honduras ko Gwatemala, da yawansu ba takarda, balle ƙuri'a. Wa zai ji tsoronsa ranar zaɓe?

Jihar Fulorida ta maimaita a 2024. Gundumar Miami-Dade tana shirin tilasta ba ma'aikatan gona da gini ruwa da inuwa da hutu, sai Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta hana gundumomi yin hakan. Shi ne kuma a 2020 ya sa hannu a dokar kare ɗaliban sakandare masu wasanni daga zafi, har da tanadin bahon ruwan sanyi a bakin fili. Ashe an san illar zafin. Ɗan wa ke cikin ranar, shi ne abin dubawa.

Yanzu bari in gaya maka abin da idona ya gani, don ni ba ɗan siyasa ba ne, aikina gwajin kankare. Idan motar kwaɓi ta iso wurin gini, ni ne zan ɗebi samfur, in duba laushinsa, in soka masa ma'aunin zafi. A takardar yawancin ayyukan da nake zuwa an rubuta cewa kada zafin kwaɓi ya wuce digiri 35, wasu ma 32. In ya wuce, sai in ce a mayar da motar, kuma ba mai ja da ni, ko da mai kamfanin ne a tsaye. Shi ya sa a watan Yuli da Agusta ake zuba ƙanƙara a cikin kwaɓi, ake fara zubi tun ƙarfe biyu ko uku na dare. Duk don kada daɓe ya tsage.

Wata rana a watan Agusta motoci suka makara, zubi ya kai mu har rana ta take. Zafin nan ba irin na Kano ba ne. Naku busasshe ne, gumi na fita iska na ɗauke shi, jiki na hucewa. Mu a bakin teku muke, iskar kanta a jiƙe take, gumi ya fito ya kwanta a jiki kamar man shanu, bai sanyaya komai ba. Akwai wani yaro a cikin masu baza kankare, ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba, kwanansa uku da fara aiki. Na ga ya ajiye shebur ya nufi titi yana dariya shi kaɗai, takalminsa na roba yana ja a ƙasa. Heluma ya daka masa tsawa, a zatonsa ya sha wani abu ne. Da na riƙo hannunsa sai na ji kamar na taɓa kwanon rufi da azahar. Yana magana ba kai ba gindi, ko 'yan garinsu ba su gane abin da yake faɗa ba. Muka kwantar da shi a inuwar tirela, muka yage rigar, muka juye masa kular ruwan ƙanƙara gaba ɗaya, muka cusa ƙanƙara a hammata da wuya da matsematsi har motar asibiti ta zo. Kwanansa huɗu a kwance, likitoci suna fama da ƙodarsa. Allah ya yi da sauran kwana.

Da na je duba shi na sa aka tambaye shi me ya hana shi shan ruwa, alhali kular tana nan taku goma daga inda yake. Ya ce ya sha da safe. Daga baya ya so ya zauna, ya duba bai ga kowa a zaune ba, shi kuma sabo ne. Mai ɗaukarsu a bakin titi yake zaɓen mutane kowace asuba, wanda aka gani a zaune yau, gobe motar za ta wuce shi. Baba, amfanin minti goman nan ke nan. Ruwa akwai shi. Abin da babu shi ne wanda zai ce kowa ya ajiye, yadda mai zama ba zai zama malalaci ba. A ranar na mayar da mota ɗaya don zafinta ya wuce ƙa'ida, kuma da takarda a hannuna. Ba ni da takardar da zan nuna in ce a sauke mutum.

Hukumar OSHA da kanta ta ce kusan uku cikin huɗu na waɗanda zafi ke kashewa a wurin aiki, a satinsu na farko suke mutuwa, don jiki bai saba ba. Alƙaluman gwamnati sun nuna ma'aikata 42 zafi ya kashe a Teksas tsakanin 2011 da 2021, fiye da kowace jiha, kuma kowa ya yarda adadin ya fi haka, don sau da yawa bugun zuciya ake rubutawa a takardar mutuwa. Hukumar ba ta da dokar zafi takamaimai. Da wani sashe na gama-gari take cin tara, yawanci bayan an kai mutum makwancinsa, ihu bayan hari. Tun 1972 masana na gwamnati suka ba da shawarar a yi dokar. Sai a Yulin 2024 gwamnatin Biden ta fito da daftari: in zafin da jiki ke ji ya kai kimanin digiri 27, a tanadi ruwa da inuwa, a saba wa sabon ma'aikaci a hankali, in ya kai 32, hutun minti 15 duk awa biyu, kuma da biya. An ƙiyasta zai shafi mutum miliyan 36. Gwamnati ta sauya a Janairun 2025, an zauna sauraron ra'ayi a watan Yuni, ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka ce ya yi tsauri. Daftari dai ba doka ba ne.

Saboda haka kada ka ce Amurka ta yanke cewa hutu asara ne. Kalifoniya tana da dokar ruwa da inuwa tun 2005, kuma gwamna ɗan Rifablikan, Arnold Schwarzenegger, shi ya kafa ta bayan mutuwar ma'aikatan gona. Ba ta daina noma ba, ba ta daina gini ba. Oregon ta yi tata bayan zafin 2021. Kuma ba sai ka zo nan ba, tambayi yaranmu da ke aiki a ƙasashen Larabawa. Saudiyya ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Katar, bayan surutun da ta sha gabanin gasar ƙwallon duniya, ta faɗaɗa nata a 2021 zuwa daga ƙarfe goma na safe har uku da rabi.

Sai rabin tambayarka na biyu, wanda shi ya fi damuna. Mu a gida ba mu da ko dokar da za a soke. Dokar masana'antu ta Najeriya ta yi maganar ruwan sha, amma a cikin masana'anta. Leburan da ka ɗauko a bakin titi da asuba, da ɗan ga-ruwa, da ɗan dako a Dawanau, da mai buga bulo, ba ruwanta da su. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, takan yi gargaɗi in bazara ta tsananta, a karanta a rediyo, shi ke nan. A wurin aikinka kai ne gwamna, kai ne majalisa.

Na san ranar zuba dakin, na yi lebura a hutun makaranta kafin in baro gida. Layin mutane da kwanon sarki a ka, suna hawa tsani suna sauka, injin kwaɓi yana ruri, ba a tsayawa don kada kankare ya kama. Kuma na san kana sa a ba bulo ruwa safe da yamma har kwana bakwai, in yaro ya manta ranar bai ji da daɗi ba. Ka ga ashe ba 'yan boko suka kawo maganar ba. Da azumi ma ai kukan fara da an idar da asuba ku tashi kafin azahar, wasu su koma da dare, ginin kuma bai fasa tashi ba. Abin da nake roƙo shi ne a yi wa Maris da Afrilu da Mayu irin wannan lissafin ko ba azumi.

A kafa tamfol tun kafin a sauke yashi. Mai aiki a rana yana buƙatar kusan lita guda a awa, wato ledar fiya wata biyu, kaɗan-kaɗan, ba sai ƙishirwa ta ci shi ba. Sabon yaro, musamman wanda ya zo cirani ko ya tashi daga ciwo, kada a sa shi a layin dakin ranar farko. Masana sun ce ya fara da kashi ɗaya cikin biyar na aikin rana, a riƙa ƙara masa kullum har sati. Inda gizo ke saƙar shi ne jinga. Wanda ake biya da yawan bulo ko yawan sawu ba zai zauna da kansa ba, kamar yaron nan nawa. Sai dai heluma ya kashe inji ya ce kowa ƙasa, kai ma ka zauna su gan ka.

In kuwa ka ga mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, kada a tsaya gardamar ko iska ce ko ƙwaya. A kai shi inuwa, a tuɓe shi, a kwarara masa ruwa, ko na ban bulo ne, a yi ta fifita ana neman abin hawa. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai shaƙe.

Mai gabatarwa ya ce za su sake kirana farkon wata. In Allah ya kai mu ka bugo da wuri, kafin lokaci ya ƙure, ka gaya mini ƙarfe nawa kuke tashi a aikin da kake kai yanzu, da abin da mai ginin ya ce da ka sa kuɗin ruwa a lissafi. A gaida yaran aiki. Allah ya ƙara girma, ya kawo mana damina lafiya.

Ɗanka,
mai gwajin kankare, Hiyustan