Amsa ga Baban da ya bugo waya daga Tanut

Baba, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan iyali da dabbobi suna lafiya. Ran Asabar da aka gayyace ni gidan rediyo a nan Damagaram, ka bugo ka ce in da gaske ne taurarin ɗan Adam na ganin ƙura da hayaƙi daga sama, me ya hana a gaya muku kafin hazo ya rufe ku ko wuta ta cinye ciyawa? Lokaci ya ƙure, aka katse mu. Ga amsar, wani yaro ya karanta maka.

Gani kam suna gani. Ƙurar hunturu da yawanta daga Bodele take tasowa, wani kwari a arewacin Cadi da a zamanin da makeken tafki ne. Ruwa ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Iska ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yo yamma. Daga can zuwa nan kusan kilomita 1,000 ne, sai ta kwana a hanya kafin ta iso mu. Akwai tauraron Turawa mai suna Meteosat, yana can sama kilomita 36,000, yana ɗaukar hoto duk minti 10 zuwa 15, dare da rana. A hoton da ake haɗawa musamman don ƙura, takan fito da launin ruwan hoda, ka ga tashinta, ka ga inda ta nufa.

Bara na nuna wa ɗalibaina irin hoton nan a waya, na ce su jira. Suka yi mini dariya, don a ranar sama garau take. Washegari muka shigo aji, kowa na rubuta sunansa da yatsa a kan tebur, rana kuwa ta zama kamar farin faifai, ka zuba mata ido ba ko ƙyaftawa.

Wutar daji ita kuma zafinta ake ji. Taurarin hukumar NASA ta Amurka, Terra da aka harba a 1999 da Aqua a 2002, da waɗanda suka biyo bayansu, suna gane inda ƙasa ta yi zafin da ya wuce kima, sai a ɗiga jan ɗigo a taswira. Hayaƙi a hoto yakan yi toka-toka da ɗan shuɗi, ƙura kuwa ƙasa-ƙasa. Amma kada in cika maka baki. Waɗannan wucewa suke yi, ba a kanmu suke tsaye ba, kuma ɗigon na iya ɗaukar awa 3 kafin ya fito. Kai ka fi ni sanin abin da wuta ke yi wa busasshiyar ciyawar Damargu cikin awa 3 in iska na kaɗawa. Ƙaramar wuta kuma, irin garwashin shayin da aka tashi aka bari, ba sa ganinta sai ta kama.

To me ya hana a gaya muku? Hotunan kyauta ne, kuma masana muna da su, ga cibiyar nazarin yanayi da noma ta Agrhymet a Yamai tun 1974. Sai dai bayanin yana intanet, cikin Faransanci da Turanci, kai kuma kana bakin rijiya da rediyo a kafaɗa. A tsakanin nan saƙon ke maƙalewa, kuma mu 'yan boko da muka iya karanta shi muna da namu kason laifi. Ni kaina shekara nawa ina kallonsa don sha'awa, ban taɓa tunanin in faɗa wa kowa ba sai da ka tambaya.

Na roƙi masu gidan rediyon minti 2 kowace safiya a hunturun bana, in faɗi da Hausa abin da na gani. In sun yarda za ka ji muryata. Kafin nan, ku ci gaba da share layukan tare wuta da zarar ciyawa ta fara bushewa, kuma in aka zo rigakafin sanƙarau a kai yara, don lokacin ƙura da bushewar iska ne ya fi kama mutane.

A gaida mutanen gida.

Ɗanka,
malamin labarin ƙasa, Damagaram