Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni a rediyo kan awon kan yara

Assalamu alaikum Malam. Ranar Laraba da ka kira a shirin lafiya da aka gayyace ni layinka ya katse kafin in gama ba ka amsa, lokaci kuma ya ƙure, tun daga ranar abin yake raina. Ka ce an kai jaririnka awo wata nas ta zagaya masa tef a ka, ta ƙura wa idonsa da kunnensa ido, ta buɗe tafin hannunsa, sannan ta ce a kai shi babban asibiti, kai kuma ka hana don ba ka ga yadda za a kalli fuskar yaro a ce yana da ciwon gado ba, har ka tambaya ko wannan ba duba ba ne, kuma wai ka ji an ce yanzu waya ma tana yi. To ga amsata, na rubuta a fili tunda a fili ka yi tambayar, kuma na san ba kai kaɗai ba ne.

Ba duba ba ne Malam, wallahi ba duba ba ne. Mai duba gaibu yake iƙirarin sani, mu abin da ke gabanmu muke aunawa da santimita mu gwada da na dubban yara. Bari in gaya maka yadda nake yi kullum a ɗakin awo. Tef ɗin nan na ɗora shi saman gira kaɗan, ya bi ta saman kunnuwa ya zagaya inda ƙeya ta fi tudu, in ja shi ya kwanta a kan gashi, sau uku nake yi in ɗauki wanda ya fi yawa don yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jaririn da ya cika wata tara a ciki aka haife shi kansa yakan kai wajen santimita 34 zuwa 35, wata ukun farko yana ƙara kamar santimita 2 duk wata, kafin ya shekara ya kai wajen 45 ko 46. Kan yana girma ne saboda ƙwaƙwalwa tana girma a ciki tana tura ƙashi, shi ya sa ɗan tef ɗin nan mai araha yake ba mu labarin abin da ba ma gani. Jadawalin da muke gwadawa da shi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, kuma ba yaran Turawa kaɗai aka auna aka haɗa shi ba, ƙasashe shida ne, Brazil, Indiya, Norway, Oman, Amurka da Ghana nan maƙwabtanmu.

Kuma awo ɗaya ba ya yanke komai. Ranar haihuwa ma kan a matse yake saboda hanyar da ya biyo, sai ya kwana ɗaya ake samun awo na gaskiya. Wani gidan kuma dama manyan kai gare su, sau da yawa nakan ce uba ya cire hula in auna shi shi ma, sai ka ga ashe gado ne na lafiya kalau. Sannan ba duk kan da awonsa ya kauce wa layin jadawalin ne ciwon gado ba, ruwa na iya taruwa a kan yaro bayan ya yi sanƙarau, ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, na sa goshi ya turo, ga abin da ya faru a Brazil a 2015 da aka yi ta haihuwar jarirai masu ƙananan kai ashe ƙwayar cutar Zika ce da sauro ke yaɗawa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne mu ga layin yaro yana tsallake layukan jadawali wata bayan wata, ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri.

Fuska kuma ita ce inda ka fi yin tantama, na kuma fahimce ka, kowane uba in aka ce fuskar ɗansa da wani abu sai ransa ya sosu. Amma ka san yadda ake kallon yaro a ce wannan jinin gidan wane ne? Ƙwayoyin halittar da suke zana kamannin nan su ne dai suke gina zuciya da ƙwaƙwalwa tun a watannin farko na ciki, to in an samu tangarɗa a cikinsu sau da yawa sai ta bar alama a waje. Muna duba tazarar da ke tsakanin idanu, ko gefen ido ya ɗaga sama, ko kunne ya sauka ƙasa da layin ido, tsawon ɗan kwarin nan na tsakanin hanci da leɓe, girman haɓa, ko layi ɗaya ne ya ratsa tafin hannu. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, akwai masu lafiya garau da layi ɗaya a tafi. Sai sun taru uku huɗu ga kuma jikin yaro saɓal-saɓal sannan muke cewa a bincika. Lalurar Down, wadda wasu ke kira galahanga duk da sunan nan an lafta shi a kan lalurori kala-kala, da kallon fuska wani likitan Ingila John Langdon Down ya fara bayyana ta a 1866, sai 1959 aka gano a Faransa cewa cikin kuromozom, wato ƙunshin ƙwayoyin halitta da suke zuwa bibbiyu a jikin mutum, na 21 ne ya zo guda uku maimakon biyu, yaron na da 47 maimakon 46. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, ba kuma auren zumunci ke kawo ita wannan ba.

Batun waya gaskiya ne akwai shi. Akwai manhaja mai suna Face2Gene ta wani kamfani FDNA, likita ya ɗauki hoton yaro ta jero masa lalurorin da fuskar ta fi kama da su. A 2019 masu ita suka fitar da bincike cewa sun koyar da na'urar da hotuna sama da 17,000 na lalurori fiye da 200, kuma kashi 91 cikin 100 amsar da ke daidai tana fitowa cikin goman farko da ta lissafo. Ka lura fa, cikin goma, zato ne take jerowa likita ya tace. Kuma ga inda ni abin ya fi damuna, a 2017 an gwada ta da yara masu lalurar Down, ta gane kashi 80 na yaran Turawa amma na Kwango kashi 37 kacal ba ta ma cika ba, sai da aka ƙara mata hotunan yaran Afirka sannan ta haura 90. Dalili a fili yake, littattafan likitanci da hotunan Turawa aka cika su, an rubuta shafaffen karan hanci alama ce, to jariranmu nawa ne masu shafaffen hanci kuma lafiyarsu lau? Shi ya sa masu bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka suka shiga tara hotuna daga ƙasashe daban-daban, har da likitocin yara na Legas a cikin aikin. Don haka in wani ya ce ka turo hoton ɗanka ta WhatsApp ya saka a manhaja ya gaya maka ciwonsa, kar ka yarda, don likitoci aka yi ta, kuma hoton yaro mai lalura in ya fita ba ya dawowa, gobe a gan shi ana yawo da shi ana neman sadaka da sunansa.

Abin da ya sa na kasa haƙura na zauna rubutun nan wata yarinya ce. An kawo mana ita tana wata bakwai, kakarta ce ta goyo ta, tun ranar suna aka ce musu su je babban asibiti ba su je ba saboda an ce 'yar ruwa ce, an yi ta hayaƙi da rubutu. Na karɓe ta wuyanta ya langaɓe a hannuna, ɗan harshenta a waje, uwar ta sa mata nono ina kallo ta ja sau huɗu biyar ta saki tana haki, gumi ya tsattsafo mata a goshi cikin sanyin hunturu. Hoton zuciya ya nuna ƙofa a zuciyarta. Kusan rabin yara masu lalurar Down da matsalar zuciya ake haifarsu, kuma irin wannan in an gano da wuri ana ba da magani, ana shirya tiyata kafin huhu ya lalace. Haka ma ƙarancin sinadarin tayirod na maƙogwaro, yaro ya yi ta barci, harshe ƙato, maɗiga a buɗe warwar, ɗan ƙwaya ne ake ba shi kullum amma in aka makara ƙwaƙwalwar da ta tsaya ba ta dawowa yadda take. Uwar yarinyar nan kuka ta yi ta yi tana cewa da ta sani, ni kuma har yau ina jin nauyin kan yarinyar a gwiwar hannuna.

Ita nas ɗin da ta ga ɗanka ba ta ce yana da ciwo ba Malam, cewa ta yi ta ga abin da ya kamata wanda ya fi ta ya duba, kuma da ni ce haka zan yi. A can likitan yara zai sake awon da kansa, ya saurari zuciya, ƙila ya sa a yi hoton zuciya ko na kai, in da buƙata a ɗebi jini a ƙirga kuromozom, wannan gwajin jinin shi ke tabbatarwa ko ya kore. Yana yiwuwa a sallame ku a ce ba komai, ina yi maka fatan haka har zuciyata.

Dan Allah ka kai shi cikin satin nan. Ka tafi da katin awonsa don a ga lambobin baya, ka tafi da mahaifiyarsa don ita ta san yadda yake shan nono da yadda yake barci, in da hoton yayyensa suna jarirai ka riƙe a waya likita zai so ya ga kamannin gida, kai ma ka shiga ɗakin kar ka tsaya a waje don wataƙila a auna naka kan. Allah ya raya mana shi, ya ba shi lafiya.

Wassalam,
'yar uwarka ma'aikaciyar jinya a sashen yara.