Godiya ga ofishin da ya zana mana ɗakin taro

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin sabon garinmu da ke kan tudu a ƙasar Goronyo, ina miƙa godiya ga wani ofishin masu zanen gine-gine a birnin Sakkwato. Allah ya saka musu da alheri.

Tun da ambaliyar Gulbin Rima ta 2010 ta tashe mu daga bakin fadama, ba mu da wurin haɗuwa sai gindin darbejiya. Rabon taki a nan, rigakafin yara a nan, sulhun manoma da makiyaya ma a nan. Da muka harhaɗa kuɗin gina ɗakin taro, masu zanen da muka fara zuwa wurinsu ko garin ba su taka ba. Zane suka zaro daga kwamfuta: manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, rufin kwano ƙasa-ƙasa, wai haka ake yi a Abuja. A ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40! Wa zai zauna ciki bayan azahar?

Shi kuwa matashin da wannan ofishi ya turo, takalmi ya cire, ya zauna a tabarma, ya ce wa mai gari: "Ranka ya daɗe, daga ina iskar farkon damina take bugowa? Ina ruwa ke bi in an yi mamako?" Dattawa suka yi ta bayani yana rubutawa. Abokiyar aikinsa ta shiga cikin gida wurin mata, kuma daga bakinsu aka samu ƙofarsu ta daban da rumfar masu goyo, abin da bai taɓa faɗo mana a rai ba mu maza.

A zanen da suka kawo, bangon mai kauri ne, na bulon jan ƙasa da siminti kaɗan, don ko da masana'antar siminti ta Kalambaina na kusa, kuɗin buhu bai san maƙwabtaka ba. Rufin ya yi sama, da ƙananan tagogi can ƙarƙashinsa inda zafi zai riƙa fita. Maginanmu na gida za su iya aikin. Takardu da lissafi duk sun zo kan lokaci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ajujuwan firamare da ɗakunan shan magani da ake ginawa a ƙauyukanmu. Fenti ya sha kyau ranar buɗewa, guguwa ɗaya ta yaye kwanon, bango ya tsage, ɗan kwangila kuma wayarsa ta daina shiga.

Sakataren kwamitin gari